Gyaran Kundin Tsarin Mulki: Da Wane Mudu Za Mu Auna?

Hedimasta Mai Ritaya:
Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Ina da magana, kuma ina roƙon kada a mayar da ita faɗan jam'iyya. Jiya bayan la'asar muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar masallaci, rediyo na ba da labarin majalisar tarayya ta sake ɗaukar aikin gyaran kundin tsarin mulki. Sai wani dattijo da ke tufkar igiyar guga ya ɗago kai ya ce da ni, "Malam, littafin nan da ake yi wa gyara tun ina iya nome gonata ni kaɗai, har yau bai gyaru ba?" Kowa ya zuba min ido. Wallahi na rasa abin da zan ce masa, kuma abin ya tsaya min a rai har na kwanta.

Kundin nan sojoji ne suka bar mana shi a 1999, zamanin Janar Abdulsalami Abubakar. An taɓa shi a 2010, an sake taɓawa a 2018, a watan Maris na 2023 kuma Buhari ya rattaba hannu kan gyare-gyare 16 a tashi ɗaya. Kowace majalisa ta zo sai ta kafa kwamiti, a zagaya shiyyoyi, a kashe kuɗi. To da wane mudu za mu auna mu ce an ci riba ko an faɗi? Ina son amsar da zan iya kai wa dattijon nan.

Manomin Fadama:
Wa'alaikumus salam, Baba Malam. Ni mudu ɗaya na sani: kwalbatin hanyar fadama. Damina huɗu ke nan da ruwa ya cinye shi. Shinkafarmu a ka ake fito da ita har bakin titi, ko a biya masu amalanke su zagaya ta bayan maƙabarta. In an gyara littafi sau goma kwalbati na nan a karye, ni ban ga gyara ba.

Ɗalibin Shari'a:
Kawu, na ji zafin maganarka, amma kundin tsarin mulki ba ɗan kwangila ba ne. Aikinsa shi ne ya faɗi wa ke da iko, har zuwa ina, kuma wa zai taka masa burki. In da wannan za mu auna, akwai gyaran da ya ci, kuma da idonmu muka gani.

Ku tuna lokacin rashin lafiyar marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ya tafi Saudiyya a watan Nuwamba na 2009 ba tare da an miƙa wa mataimakinsa ragama ba, ƙasa ta zauna fiye da wata biyu ba a san mai jan ta ba, sai a Fabrairun 2010 majalisa ta nemo wata dabara ta ɗora Jonathan a matsayin muƙaddashi. Gyaran 2010 ya toshe wannan kafar: in shugaba ya yi kwana 21 bai aika wa majalisa takarda ba, majalisar na da ikon ɗora mataimakinsa. Da Buhari ya yi doguwar jinya a Landan a 2017, ya aika takarda, Osinbajo ya riƙe, babu wanda ya tashi da fargabar juyin mulki.

Sai shari'ar zaɓe. Peter Obi an yi zaɓensa a Anambra a 2003, amma sai a 2006 kotu ta ba shi kujerarsa, bayan wani ya ci kusan shekara uku a kai. Yanzu kotun sauraren ƙararrakin zaɓe kwana 180 gare ta, ɗaukaka ƙara kwana 60. Maƙwabtanmu Kanawa sun ga amfaninsa: an yi zaɓe a Maris 2023, zuwa 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta rufe magana. Ko kana tare da wanda ya ci ko wanda ya faɗi, ba a bar jiha tana lilo shekara uku ba.

Manomin Fadama:
Duk waɗanda ka lissafa, ɗana, rigimar manya ce a kan kujera. Sun gyara abin da ya dame su.

Hedimasta Mai Ritaya:
Kada a wuce wannan maganar da sauri. Akwai ƙamshin gaskiya a cikinta.

Tsohon Kansila:
Salamu alaikum. Ina ta karantawa ina jinjina kai, domin ni na zauna a cikin abin. Na yi kansila zango ɗaya, kuma zan faɗi abin da na gani ba tare da kama sunan kowa ba.

Kullum kafin in idar da azkar ɗin asuba akwai mutane a zaurena. Wannan da takardar magani a hannu, wancan matarsa na naƙuda babu mota, wata tsohuwa kuma ta zo ne kan famfon tuƙa-tuƙa na unguwarsu da ya yi wata biyu ba ya kawo ruwa. Famfon nan ba wani abin kirki ya lalace ba, roba ce da sanda guda. Na rubuta, na kai wa ciyaman. Ya buɗe durowa ya nuna min takardu irin tawa sun fi talatin, ya ce shi ma izini yake jira daga sama. A rediyo ana faɗin miliyoyin da aka turo wa ƙaramar hukumarmu, mu kuwa abin da ke isowa bayan an cire albashi da kuɗin ayyukan haɗin gwiwa bai taka kara ya karya ba. Ƙarshe da kuɗin wake na buhu biyu na gyara famfon. Ranar da ruwa ya fito tsohuwar nan ta riƙe hannuna tana sa min albarka, ni kuwa kunya ce ta rufe ni, domin haƙƙinta ne aka mayar kamar sadaka.

Saboda haka ɗana ɗalibi, kwalbatin da Kawunka ke magana yana cikin kundin nan. Sashe na 162 ne ya kafa asusun haɗaka tsakanin jiha da ƙananan hukumomi. A nan kwalbatinsa ya maƙale.

Ɗalibin Shari'a:
Na karɓi gyara, Baba Kansila. Kuma a nan ne ma za a ga inda gizo ke saƙar. Sashe na 9 ya ce ba a gyara kundin sai kashi biyu cikin uku na kowane zauren majalisar tarayya ya yarda, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince. Ƙudurin ba ƙananan hukumomi 'yancin kuɗinsu ya tsallake Abuja fiye da sau ɗaya, har da a 2022, amma da ya zo jihohi bai samu 24 ɗin ba. Majalisun jihohin nan kuwa kowa ya san wa suke saurare. An bai wa kura ajiyar nama, sannan aka ce sai da sa hannunta za a karɓe.

Shi ya sa aka bi ta kotu. Ministan shari'a Lateef Fagbemi ya kai gwamnoni 36 ƙara, ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rusa zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi.

Tsohon Kansila:
An yi hukunci, mun yi murna, har walima wasu suka yi. Me ya biyo baya? Jihohi suka ruga suka shirya zaɓe don kada kuɗi ya tsaya. A watan Oktoba na 2024 APC ta kwashe kujerun ciyaman 27 na Jigawa, NNPP ta kwashe 44 na Kano. Jam'iyyu daban, sakamako iri ɗaya. Hukumar zaɓen jiha gwamna ne ke naɗa ta, kuma kundin ne ya ba shi wannan dama. Ciyaman ɗin da ya san ba ƙuri'arka ce ta kai shi ba, ko an zuba masa kuɗin a aljihu, wa kake jin zai fara kai wa gaisuwa?

Hedimasta Mai Ritaya:
Bari in shigo da wani ɓangare, don kada mu ɗauka 'yancin ƙananan hukumomi zuma ce zalla. A 1991 an mayar da makarantun firamare hannun ƙananan hukumomi. Ina aji a lokacin. Mun yi watanni babu albashi. Na ga malamin da ya fi ni ilimi ya ajiye alli ya koma sayar da goro a tasha, na ga ajin da yara saba'in ke zaune babu mai koya musu ko baƙi ɗaya. Sai da aka dawo da hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1993 muka ɗan numfasa. Shi ya sa har gobe ƙungiyar malamai ke cewa a ba da 'yancin, amma a cire albashinsu tun daga tushe. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ina goyon bayan kuɗi ya sauko ƙasa, amma in babu mai sa ido, ɓarnar ce kawai za ta matso kusa da gida.

Malamar Asibiti:
Sannunku da muhawara, iyayena da yayyena. Yanzu na taso daga aiki. Abin da Baba Malam ya faɗa shi ne fargabarmu mu ma'aikatan lafiya na karkara. Amma ni akwai abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya.

Daren Talatar da ta wuce na karɓi haihuwa da fitilar waya a baki, domin batirin sola ya mutu tun bara. Yarinyar ba ta wuce sha bakwai ba, jini ya ɓalle mata, muka yi ta kiran mai mota har ƙarfe biyu. Allah ya sa ta rayu. Washegari nake tambayar kaina, a cikin masu gyaran kundin nan mutum nawa ne suka taɓa tsayawa a ɗakin haihuwa irin namu? A watan Maris na 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata, har da na ware musu kujeru, mata suka yi kwanaki a ƙofar majalisa. A zaɓen 2023 sanatoci 109 ne, matan cikinsu ba su kai biyar ba. Majalisar Jigawa mai kujeru 30 da ta Kano mai 40, babu mace ko ɗaya. Ba ina cewa namiji ba ya tausayi ba ne. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In za a auna gyara, a tambaya su wa aka bari a waje lokacin da ake yin sa.

Manomin Fadama:
Allah ya saka miki da alheri, Malama. Matata a hannunki ta haihu, na san abin da kike faɗa.

Matashin Mazaɓa:
Ni ma bari in sa baki. Ranar 31 ga Mayu 2018 aka sa hannu kan rage shekarun takara: shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. Mun yi ta murna a Facebook. Kuma ba za a ce bai yi komai ba, a Kwara Rukayat Shittu ta shiga majalisar jiha a 2023 tana da shekara 26. Amma da aka zo sayar da fom a 2022, na takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100 ne a APC, miliyan 40 a PDP, na majalisar jiha ma a APC miliyan 2. Wannan kafin a zo maganar daliget. Ni da nake sayar da katin waya da cajin batir, an buɗe min ƙofa amma an ɗauke tsani. Ɗan mai kuɗi ko yaron ubangida shi ya ci moriyar gyaran.

Ɗalibin Shari'a:
Gaskiya ne, sai dai kuɗin fom ba a kundin yake ba, jam'iyyu ne ke yankawa.

Matashin Mazaɓa:
To ai shi ne, Yaya. An gyara inda ba ya yi wa kowa ciwo.

Direban Maigatari:
Ku yi haƙuri, ni ba mai dogon karatu ba ne, amma shekara ashirin ina ɗaukar fasinja da awaki zuwa kasuwar Alhamis, kuma ina jin hirar mutanen tsallake. A Nijar Tandja Mamadou ya kira zaɓen raba gardama a 2009 ya sauya kundi don ya yi tazarce, a Fabrairun 2010 sojoji suka ɗauke shi. Aka rubuta sabo, kowa na yabo. Da shi Issoufou ya yi zango biyu ya miƙa wa Bazoum a 2021, karon farko da zaɓaɓɓe ya miƙa wa zaɓaɓɓe a ƙasar. Ranar 26 ga Yuli 2023 masu gadin fadarsa suka rufe shi, aka jingine kundin. Aka rufe boda, kasuwa ta mutu, na yi watanni ina kwana da mota babu lodi. Mu kuwa namu, duk da tsiyarsa, a 2006 da aka so cusa wa Obasanjo zango na uku majalisar dattawa ta yi fatali da shi, kuma tun 1999 soja bai dawo ba. Ni dai ina ganin wannan ma abin sawa a mudu ne. Wani lokaci gyaran da aka ƙi yi ya fi wanda aka yi amfani.

Hedimasta Mai Ritaya:
Madalla, Direba. Ka kawo abin da babu wanda ya tuna a cikinmu.

Ɗan Gari a Abuja:
Gaisuwa ga iyaye. Ina bin ku tun ɗazu daga ofis. Ina so in ɗora Kenya a kan tabarma, don ita ake yawan kawowa misali. Bayan rikicin zaɓen 2007 da ya ci rayuka fiye da dubu, sun rubuta sabon kundi gaba ɗaya, aka kai shi gaban jama'a a watan Agusta 2010, kusan kashi biyu cikin uku suka ce sun yarda. Ya kafa gundumomi 47, kowace da zaɓaɓɓen gwamna da majalisa, kuma aka rubuta ƙarara cewa kasonsu ba zai gaza kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa ba. A 2017 Kotun Ƙolinsu ƙarƙashin David Maraga ta soke zaɓen shugaban ƙasa mai ci. Amma kundin nan dai ya ce kada jinsi ɗaya ya wuce kashi biyu cikin uku a majalisa, kuma shekara da shekaru majalisarsu ta kasa cika wannan. Ga kuma kukan cin hanci a gundumomin, irin fargabar Baba Malam.

Abin da na lura da shi, a can da nan, gyara na kamawa ne in ya zo da adadi ko wa'adi da ba a iya murɗawa, kuma akwai wani mai ƙarfi da zai yi asara in an karya. Kwana 180 ya zauna daram domin ɗan takarar da aka kayar yana da lauyoyi. Kwana 60 na miƙa sunayen ministoci da kwamishinoni, wanda aka sa a 2023, shi ma galibi ana kiyaye shi don idon 'yan siyasa na kai. Amma Babi na 2 na kundinmu, inda aka rubuta ilimi da lafiya da walwalar jama'a, sashe na 6 ya hana kotu ta tilasta shi. Wato abin da ya shafi Malama da Kawu shi ne aka rubuta da fensir.

Manomin Fadama:
To mu da ba mu da lauya fa?

Ɗan Gari a Abuja:
Ku jama'a ne masu yawa, Kawu, kuma kuna da ido. Ƙananan hukumomi na da kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, kuma duk wata ana wallafa abin da kowace ta samu, da sunanta. Zan iya turo na garinmu nan zauren. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa takardar mai tambaya.

Tsohon Kansila:
Ɗana, kada ka sa wa mutane rai da yawa. Na san sakatariya ciki da bai. Takardarku za ta iya kwana a tire har ta yi ƙura.

Malamar Asibiti:
Ko da za ta yi ƙura, Baba, a kai. Yau in aka tambaye mu wa ya taɓa zuwa ya nemi bayani a rubuce, babu. Kuka muke yi a zaure da gidan biki.

Ɗalibin Shari'a:
Ni ban yarda da Yaya na Abuja ɗari bisa ɗari ba. Ko an ce kotu ta tilasta Babi na 2, alƙali ba zai haƙa rijiya ba, kuma shari'a kuɗi ce. Ni a ganina gyara ɗaya da zai taɓa mu kai tsaye shi ne a ƙwace zaɓen ƙananan hukumomi daga hannun hukumomin jihohi. Ga wutar lantarki ma, gyaran 2023 ya ba jihohi damar samarwa da rarrabawa da kansu, haka jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali. Wannan sai nan da wasu shekaru za a san ko ya haifu. Bai kamata mu yanke wa kowane gyara hukunci rana ɗaya ba.

Tsohon Kansila:
In an ba INEC, ita ma ai mutane ne. Amma na yarda gara a jarraba da a zauna haka. Sai dai ka tuna, wannan ma sai ya bi ta jihohi 24 ɗin nan.

Hedimasta Mai Ritaya:
Na gode muku ƙwarai. Gobe in Allah ya kai mu zan koma wa dattijon nan. Zan gaya masa an gyara wasu wurare sun kuma riƙe, zan gaya masa wurin da ya shafi rijiyarsa har yanzu ana ja. Ban sani ba ko zai gamsu.

Maganar takarda kuwa kada ta mutu a nan. Ɗan Abuja, turo alƙaluman wata shida na baya. Ɗalibi, kai za ka tsara rubutun, Hausa da Turanci, cikin ladabi, ba zagi ba zargi. Abu uku za mu tambaya: nawa ya shigo, nawa aka cire kafin ya iso, me aka ware wa mazaɓarmu. Zan fara kai wa dagaci gaisuwa in sanar da shi, don kada ya ji a bakin wani.

Malamar Asibiti:
Baba, a sa batirin solar asibiti a ciki.

Manomin Fadama:
Da kwalbati. Zan ɗauko hotonsa da safe kafin in shiga gona. In ana buƙatar sa hannu, mu masu fadama mun fi arba'in, wanda bai iya rubutu ba zai dangwala.

Tsohon Kansila:
To ku bari sai Litinin, ranar ce ma'aikata ke cika. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a kan ɗaya ku dawo da shi. Ni zan raka ku, na san ƙofar da ake bi. Mu haɗu a tasha ƙarfe takwas.